Kwana Biyu a Maraɗi: Jagorar Masu Tashi Daga Dutsin-Ma da Kurfi

Mutumin Dutsin-Ma ko na Kurfi da ya ce zai fita ƙasar waje ran Juma'a ya dawo ran Lahadi, ba cika baki yake yi ba. Daga Dutsin-Ma zuwa Katsina wajen kilomita 60 ne, daga Katsina zuwa Maraɗi kuwa bai cika 100 ba. In aka haɗa, tafiyar ba ta ɗara ta zuwa Kano da wani abin kirki ba, nisan Kaduna kuwa ko kusa ba ta kai ba. Babu jirgi, babu tafinta, agogonka ma ba za ka taɓa shi ba, don lokacinmu ɗaya da na Nijar.

Wannan kusancin ne yake ruɗar mutane. Sai a tashi kamar za a je cin kasuwar Caranci, a isa bakin iyaka da mata da yara, a tarar ana tambayar takardun da aka baro a ƙarƙashin katifa. Ta wajen harshe da addini da dangi, Maraɗi gida ce. Ta wajen doka da kuɗi kuwa, wata ƙasa ce mai zaman kanta, kuma daga 2023 zuwa yau tazarar ƙaruwa take yi. Duk shirin tafiyar nan a kan waɗannan biyun yake.

Ga mu mutanen wannan yanki, zuwa Maraɗi ya wuce yawon shan iska. Bayan jihadi ya ci Birnin Katsina wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, suka yi ta fama har Ɗan Kasawa ya kafa gadon sarauta a Maraɗi wajen 1819. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin can, kuma a fadarsa akwai Galadima da Ƙaura da Durɓi da 'Yandaka, kamar yadda suke a tamu. Mu da hakimin Dutsin-Ma yake 'Yandakan Katsina, na Kurfi kuma Maraɗin Katsina, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ba kuma da daɗi kawai aka yi zaman ba: a zamanin Ɗan Baskore, cikin ƙarni na 19, mahayan Maraɗi sun sha kawo hari ƙasar Katsina. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zo suka kafa duwatsun iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka bar wani da gida a nan, gona a can.

Takardu tukuna

Tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna har kwana 90 ba tare da biza ba. Shekara da shekaru a kan haka aka saba, har mutane suka manta cewa iyaka tana da ƙofa. Sai Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agustan 2019, ta Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai Afrilun 2022. Aka yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yulin 2023, aka sake garƙamewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Ran 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS baki ɗaya. Ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da zirga-zirga ba biza, amma cikin watannin farko na 2025 an yi ta samun rahoton cewa jami'an Nijar na mayar da 'yan Najeriya masu ɗauke da ƙaramin littafin tafiya na ECOWAS, suna cewa sai babban fasfo.

Saboda haka takardar da ba a gardama da ita ita ce babban fasfo mai sauran kwana. Ba araha gare shi ba: daga Satumban 2025 mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, kuma sai da lambar NIN ake yin sa. Gida mai mutum shida ya san abin da wannan ke nufi. Shi ya sa shawarata ita ce tafiyar farko a yi ta da waɗanda suka riga suka mallaki fasfo, irin su alhazai da 'yan kasuwa da ma'aikata, sauran a riƙa yi musu ɗaya bayan ɗaya. Wanda kuma yake da littafin ECOWAS kaɗai, ya leƙa ofishin shige da fice a Katsina cikin makon tafiyar ya ji halin da ake ciki, ya kuma tambayi direbobin da suka dawo jiya. Dokar bakin iyaka tana sauyawa, labarin watan jiya ba ya amfani yau. Nijar tana da ƙaramin ofishin jakadanci a Kano ga mai son ji daga tushe.

Za a ce maka ai mutanen Jibiya kullum suna tsallakawa da katin ɗan ƙasa kawai, wasu ma ba komai. Gaskiya ne. Su an san fuskarsu, an san gonarsu. Kai baƙo ne da iyali, kuma a kowane shinge sai ka yi bayani da aljihunka. Hanyar ɓarauniya ta daji a kan babur kuwa, kada ma a kawo zancenta a tafiyar da ke da mata da yara.

Takarda ta biyu ita ce katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad. Abu biyu ake mantawa game da shi. Na farko, ba ya fara aiki sai bayan kwana goma da yin allurar, don haka wanda ya je ran Laraba yana shirin tashi ran Juma'a ya makara. Na biyu, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. A yi shi ta hannun hukumar lafiya, kada a saya a bakin tasha. Katin da aka saya babu allura bai kare kowa daga komai ba.

Yara kuma a riƙe takardar haihuwarsu ta hukumar ƙidaya. In za a tafi da ɗan ƙane ko ɗan maƙwabci, mahaifinsa ya rubuta takardar amincewa, ya sa hannu da lambar waya, a haɗa da hoton katinsa. Wannan hanya ce da masu safarar mutane ke bi zuwa Agadas da Libiya, don haka jami'in da ya ga mace ɗaya da yara biyar masu sunan uba daban-daban, dole ya tsaya tambaya, kuma bai yi laifi ba. Kowace takarda a yi mata kwafi biyu, a kuma ɗauki hotonta a waya.

Ayari da asusu

Mutum biyar zuwa bakwai, cikin mota guda, shi ne daidai. Da an haura goma, abin ya tashi daga ziyara ya koma biki, kuma rabin kwana biyun zai ƙare a jiran wanda bai gama wanka ba. Sunna ce matafiya su naɗa shugaba, to a naɗa, ya zama mai haƙuri da ya iya magana da masu kaki. A kuma naɗa ma'aji dabam. Kuɗin mota da masauki da abinci na kowa a tara shi hannun ma'aji kafin a tashi, ba bayan an dawo ba. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan "in mun koma zan ba ka". A ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan lissafin, a ajiye shi gefe don lalacewar mota ko ƙarin kwana. Kuɗin tsaraba kuwa kowa da nasa aljihun. A kuma yanke tun a gida ko yaro zai biya rabi ne ko cikakke, don kada a yi ta a gaban direba.

Sai batun sefa, kuma nan ne baƙo ya fi shan kunya. A Nijar ba a ƙirga kuɗi da adadin da ke rubuce a jikinsa, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuma sefa biyar ce. Mai ƙosai ta ce maka dala goma, sefa 50 take nufi. Dala ashirin 100 ce, dala hamsin 250, dala ɗari 500. Takardar 1,000 ita ce jika. In mai kilishi ya ce jika da dala ɗari, 1,500 ke nan. Duk abin da aka faɗa da dala ka ninka shi biyar. A koya wa kowa wannan a cikin mota kafin a isa, har yaran, su ma sun fi saurin kamawa.

Sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi. Ke nan jika ɗaya yuro ɗaya da rabi ce da ɗan ɗoriya. Wannan ya ba ka ma'aunin da ɗan canji ba zai iya ruɗa ka ba: duba farashin yuro a naira ran nan, ka ƙara rabinsa, ka san inda jika ta dosa. Misali, in yuro yana naira 1,700, jika za ta kama wajen 2,600. Wanda rabonsa da Maraɗi tun 2019, lokacin da jika take wajen naira 600, ya shirya zuciyarsa, don a 2024 ta haura 2,000. Ga shi kuma bayan rikicin 2023 Nijar ta daɗe ba ta buɗe iyakarta da Binin ba, kayan da a da ke zuwa kai tsaye daga Kwatano sai da suka riƙa zagawa. Maraɗin da ake zuwa a kwaso araha ta yi nisa.

A canza rabin kuɗin a Katsina ko a Magama da ke bakin iyakarmu, sauran a cikin gari wajen wanda mai masauki ya sani. A nemi ƙananan takardu na 500 da 1,000 da tsaba, don canji yana wahala, kuma mai adaidaita ba zai fasa maka 10,000 ba. Kada a dogara da katin banki.

Waya: layin MTN ba shi da kamfani a Nijar, yawo da layin gida kuma yana cinye kati cikin ƙiftawa. Mutum ɗaya cikin ayari ya yanki layin can, Airtel ko Moov ko Zamani, da fasfonsa, sauran su jona da shi. Lambar ƙasar 227 ce. Ramin wutarsu na bango mai ƙafa biyu zagayayyu ne, ba irin namu mai uku ba, don haka a zo da mahaɗi.

Hanya

Dokar hanyar nan guda ce: rana. Ba a tashi da duhun asuba, ba a kai almuru a kan titi. Kowa a Kurfi da Dutsin-Ma ya san abin da 'yan bindiga suka yi wa yankin nan, da Safana da Batsari da Jibiya, haka ma ƙauyukan Madarumfa a wancan ɓangaren. A 2025 an yi zaman sulhu a wasu ƙananan hukumomi, har da Jibiya da Kurfi, amma sulhu bai mayar da dare rana ba. Ran Alhamis da yamma shugaban ayari ya kira wani direban tasha da mai masauki ya ji lafiyar hanya. In an ce akwai motsi, a ɗaga tafiyar. Maraɗi ba za ta gudu ba. Kada kuma a sanar da duniya a Facebook cewa ga mu nan tafe. Hotuna su jira a dawo. Mutum ɗaya a gida ya san motar da aka shiga da lambar direba, ya isa.

In an bar Dutsin-Ma da ƙarfe bakwai, ta Kurfi da Batagarawa, ana shiga Katsina wajen takwas. In hanyar Kurfi ba ta kwanta wa mutane a rai ba a makon, a zaga ta Kankiya da Caranci, ƙarin mai ne kawai. Daga Katsina zuwa Magama tafiyar ba ta da tsawo, amma shingayen jami'ai sun yi mata yawa, don haka a ba ta awa ɗaya da rabi. A ba bakin iyaka awa guda ko fiye. Daga Ɗan Isa, bakin iyakar ta ɓangaren Nijar, zuwa Maraɗi wata awar. Wanda ya kiyaye wannan zai sami Juma'a a Maraɗi.

Ni dai na fi son a ajiye motar gida a Katsina wajen ɗan'uwa, a ɗauki shatar motar haya da direban da ya saba da hanyar. Ya san kowane shinge, ya san wanda ake gaisarwa da wanda ake miƙa wa takarda. A yi ciniki a fili: zuwa kaɗai ne ko har dawowa, kuma wa zai biya abin da hanya ta ci. Mai son shiga da tasa motar kuwa, sai ya riƙe takardunta na asali da sunansa, ko takardar izini daga mai ita, da lasisin tuƙi, da inshorar da ke aiki a ƙetare. 'Yan duwan, wato kwastan na Nijar, za su ba shi takardar izinin shigar da mota na ɗan lokaci. Ya adana ta, don ita zai nuna a fita. Akwai kuɗin hanya da ake biya, a riƙe tikitin. Abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku su kasance a but. A cika tanki a Katsina, ya isa zuwa da dawowa. Jarkar mai kuwa a bar ta a gida, don a idon kwastan fasa-ƙwauri ce ko da lita biyar ce.

A bakin iyaka kowa ya sauko da kansa, fasfo a hannu. Hatimi biyu ake nema: na fita a Magama, na shiga a Ɗan Isa. Kada a yarda wani ya ce "ku wuce kawai, ai kwana biyu ne". Fasfon da ba shi da hatimin shiga shi ne zai zama abin magana a shingen jandarma na gaba, ko ran dawowa. Kowa ya buɗe nasa ya gani da idonsa kafin mota ta tashi. Shugaban ayari kaɗai ke magana, ya yi sallama, ya ce, "Ranka ya daɗe, ziyarar dangi za mu Maraɗi, jibi za mu dawo," ya faɗi unguwa da sunan mai masauki. Gajeren bayani na gaskiya ya fi dogon labari. In an nemi kuɗi, ya tambaya cikin ladabi na mene ne, kuma ko akwai rasit. Ba a ɗaga murya, ba a fito da waya ana ɗaukar hoto.

Kada kuma a karɓi saƙon wanda ba a sani ba, ko da ƙullin yaji ne aka ce a kai wa tsohuwa. Maganin hawan jini ko na sukari a bar shi cikin kwalinsa tare da takardar likita. Ƙwayoyi tsirara a leda suna jawo tambayar da ba ta da daɗi.

Tafiyar ta haura nisan ƙasaru, wanda a Malikiyya mil 48 ne, zaman kuma bai kai kwana huɗu ba. Masu son yin ƙasaru suna da dama, sai dai in sun bi limamin gari, sai su cika.

A cikin gari

Masauki iri biyu ne, na dangi da na kuɗi. In wajen dangi za a sauka, a sanar da su mako guda kafin nan, a faɗi adadin mutane na gaskiya. Ba a jibge wa gida baƙi bakwai bagatatan a ce zumunci ne. Babbar mace cikin ayari ta ja uwargida gefe ta damƙa mata abin cefane tun daren farko, ba a gaban maigida ba. Tsarabar da ta dace ita ce goro da turare da turmin atamfa da sabulu. Abin da ya fi sauƙi ga kowa shi ne mata da yara su kwana gidan dangi, maza su kama ɗaki a otal. A otal za a ba ku takarda ku cike da lambar fasfo, ƙa'ida ce, ba zargi ba.

Litinin da Juma'a ne manyan ranakun kasuwar Maraɗi, shi ya sa isowar Juma'a ta fi ta Asabar riba. Bayan an sauko daga masallaci an ci abinci an ɗan miƙe, sai a shiga da la'asar. A raba ayari biyu, a sa wurin haɗuwa da lokaci, don mai neman shadda da mai neman takalmin fata ba za su taɓa gamawa tare ba. Garin ba ƙarami ba ne, ƙidayar 2012 ta ba shi mutum wajen 267,000, amma adaidaita da kabu-kabu suna kai mutum ko'ina. A yi ciniki kafin a hau.

Safiyar Asabar ta fada ce. A je dandalin Ɗan Kasawa a ga gidan sarki. In ana son shiga gaisuwa, mai masauki ya nemi iso tun jiya, a je da shiga ta mutunci, a faɗi daga inda aka fito. Sunan Kurfi ko Dutsin-Ma ba baƙo ba ne a wannan zauren. Daga nan a sa wani dattijo ya nuna muku gangaren da tsohon gari yake. A cikin fadama Maraɗi ta fara zama, sai ambaliyar 1945 ta cinye ta, aka hau tudu aka sake gini, shi ya sa titunan tsakiyar gari suke a miƙe kamar an ja su da igiya. Gulbin da ya yi wannan ɓarna kuwa ruwanmu ne: daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya bi ta Jibiya, ya ratsa Maraɗi, ya sake komowa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Wannan darasi ne da yaro zai riƙe fiye da na allo.

Tibiri tana nan kusa, wajen kilomita goma. Can ne Gobirawa suka kafa sabuwar hedikwatarsu wajen 1836 bayan yaƙin Gawakuke, kuma can Sarkin Gobir yake. Ga Bakatsine, wannan wuri ne na zuwa da shirin wasa, don Bagobiri ba zai bar baƙo ya wuce salin-alin ba. Awa biyu ta isa.

Madarumfa kuwa, mai tafki da kaburburan waliyyai 99, tana kudu da gari, ana bi ta wajen lambunan Jiratawa inda zogale yake kamar ba a so. Wurin yana cikin jerin da Nijar ta miƙa wa UNESCO a 2006. Yana da kyau, musamman bayan damina da ruwa ya cika tsuntsaye suka sauka. Amma yankin ne da ya fi fama da matsalar tsaro, don haka shawarar mai masauki ita ce hukunci. In ya ce a je, a je da hantsi a dawo kafin azahar. In ya yi shiru yana sosa ƙeya, an gane. Kuma kada a haɗa fada da Tibiri da Madarumfa da gidajen dangi shida a yini ɗaya. A zaɓi biyu.

In tafiyar ta dace da lokacin kokawa, to a ture komai. A Nijar kokawa ita ce sarauniyar wasanni. Gasar takobi ta ƙasa an fara ta a Tawa a 1975, kuma ɗan Maraɗi, Kantu, shi ya fara ɗaukar takobin. Filin kokawar garin sunansa yake ɗauke da shi. Gasar tana zagaya jihohi takwas na ƙasar, galibi da sanyi, kuma ko ba a Maraɗi ake yi ba, za ka ga gari ya tattaru gaban talabijin.

Abinci ba zai ba kowa mamaki ba, sai dai a nemi abin da suka fi mu: dambu da zogale, cuku, kilishi, dogon burodin nan mai ɓawo da safe, da fura mai nono na gaske. Da dare samari suna zama a fada, wato majalisar shayi ta bakin titi, kuma shayin zagaye uku ne. Wanda ya sha na farko ya tashi bai kyauta ba. A nan ne ake jin gari. A nan ne kuma ake bukatar linzami a baki. Za a tsokane ku da zancen shugabanni da ECOWAS da wutar lantarkin da Najeriya ta yanke musu a 2023. A yi dariya a koma zancen farashin gero. Ƙasar a hannun soja take, baƙo ba shi da rabo a wannan gardama. Haka nan ba a ɗaukar hoton bariki ko shinge ko ginin gwamnati ko mai kaki.

Tun Maris na 2025 dokar ƙasar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma takardu da allunan ofis da Faransanci za ka gan su, kuma lambar waya da ƙarfe nawa da Faransanci mutane da yawa ke faɗa. In ba ka gane ba ka ce a rubuta maka. In wani ya kamu da ciwo, ka ce a kai ku likita, haka suke kiran asibiti. Ran Lahadi ba kowane kantin magani ke buɗewa ba, bi da bi suke jiran aiki, sai a tambayi wanda ke da aikin makon. A tafi da gidan sauro ko da rani ne.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne, ba na yawo da jarirai ba. Agusta na ruwa ne. Ambaliyar 2024 ta yi wa jihar Maraɗi mummunar ɓarna.

Dawowa

Ran Lahadi a bar Maraɗi da ƙarfe goma, komai daɗin hira. Masu masauki za su ce a tsaya a ci na rana, a ba su haƙuri tun daren Asabar. Lahadi ce ranar kasuwar Jibiya, hanya tana cika, shingaye suna ɗaukar lokaci. Abin da ake so shi ne azahar a Katsina, la'asar a gida.

Tsaraba a saye ta da tunanin kwastan biyu. Ta ɓangaren Najeriya, shinkafar waje ba ta shigowa ta iyakar tudu tun 2016, taliya da man girki na waje da gwanjo duk suna cikin kayan da aka hana. Buhu ɗaya da ka ce na gida ne zai iya tsayar da motar mutum bakwai yini guda. Ta ɓangaren Nijar kuma, a Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da hatsi, a 2025 gab da Babbar Salla ta hana fitar da dabbobi. Saboda haka jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna har Turai, a kalle ta a yaba a bar ta. Abin da ke wucewa lafiya shi ne na ci da na sawa daidai misali: cuku, kilishi, dabino, aya, takalmi, turmi ɗaya ko biyu. Sefar da ta rage a canza ta a Magama, in ban da tsaba, wadda 'yan canji ba sa so. Ita a bar wa yara ko a ajiye wa tafiya ta gaba. A sake duba hatimi biyu, na fita da na shiga. Ma'aji kuma ya karanta lissafi a cikin mota kafin a kai Kurfi, ya mayar wa kowa ragowarsa.

Akwai masu cewa a jira jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, zai bi ta Daura da Katsina da Jibiya. Ran da ya fara aiki, rabin wahalar da aka lissafa a nan za ta faɗi, amma fasfo da yalo kad da lissafin dala suna nan.

Ayarin da ya saba da Maraɗi zai fara hangen Damagaram, wadda ta riƙe babban birnin Nijar har 1926, mai tsohon Birni da gidan sarki da unguwar Zango. Hanyarta daban ce: Katsina, Daura, Kwangwalam, a tsallaka Ɗan Barto, Matamaye, sannan Zandar, wato Damagaram ɗin. Daga Dutsin-Ma yini guda take ci zuwa, yini guda dawowa, don haka ba ta Juma'a zuwa Lahadi ba ce. A ajiye ta sai hutun da ya haɗa kwana huɗu, kuma a lissafa da Alhamis a ciki, ranar babbar kasuwarsu.